Kwana a Gindin Hasumiyar Agadas: Tsofaffin Gidajen Baƙi Na Neman Mai Sauka

Baƙon da ya kwana a saman soro cikin tsohon garin Agadas yakan farka tun kafin assalatu, don sanyin hunturu na hamada ba ya barin mutum ya yi nauyin barci. Yana ɗaga kai, abin da zai fara gani shi ne hasumiyar babban masallaci, jar ƙasa zalla, ta miƙe sama kusan mita 27, itatuwa sun fiffito daga jikinta ta ko'ina. Can sai muryar ladani, sai ƙarar butoci daga gidajen maƙwabta, sai takun masu tafiya masallaci a lungu.

A tsakar gida yaro ya hura gawayi, ya ɗora 'yar butar shayi. Ɗakuna ne suka kewaye tsakar gidan, amma a bakin ƙofa ɗaya kaɗai za ka ga takalmi. Sauran duk an garƙame su da kwaɗo, ƙura ta kwanta a dokin ƙofarsu.

Haka lamarin yake a yawancin tsofaffin gidajen saukar baƙi na wannan gari. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma karramawar ta zo ne bayan baƙin da ake yi domin su sun riga sun ɗauke ƙafa. Gidan ƙasa kuwa ba ya jure zaman banza. In ba a kwana a cikinsa, ba a share shi, ba a yi masa yaɓe ba, damina kaɗan ce za ta gama da shi.

Garin da saukar baƙi ta gina

Tun ƙarni na 15 da Sarkin Abzin ya kafa fadarsa a nan, Agadas zango ce. Ayarin da ya ƙetaro daga Gadamus da Gat a nan yake sauke kaya kafin ya gangara Katsina da Kano. Ayarin gishiri na Bilma da Fashi shi ma nan ne mahaɗarsa. Hatta karkatattun lungunan unguwanni 11 na tsohon garin, sawun iyakokin sansanonin da ƙabilun Abzinawa suka fara kafawa suka bi.

A wancan zamani ba a san otal ba, fatoma aka sani. Falke ya iso gari sai ya nufi gidan fatomansa. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya ciyar da shi, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a yi cinikin bashi, sannan ya karɓi la'adarsa bayan an sallama. A fadar Abzin har sarauta aka keɓe, Sarkin Turawa, domin kula da al'amuran fataken Larabawa.

Ba fatake kaɗai garin ya saukar ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo Agadas yana matashi, ya yi karatu wurin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. A watan Oktoba na 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya yi 'yan makonni a wani gida cikin tsohon garin kafin ya wuce Katsina da Kano. Gidan na nan har yau ana nuna wa masu ziyara.

Duk wanda ya san birnin Kano ya san unguwar Agadasawa. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja, su ma asalinsu Abzin ake dangantawa. Shi ya sa Bakano ko Bakatsine ba ya buƙatar tafinta a Agadas: Hausa ce harshen kasuwa da na titi.

Fadar da ta koma otal

Daura da babban masallaci akwai wani ƙasaitaccen gini na ƙasa da ake kira fadar Kawusan. A zamanin Sarkin Abzin Tagama aka gina shi, kuma sunansa ya haɗu da na jagoran Abzinawa da ya tayar wa Faransawa, ya yi wa barikinsu na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. Da Faransawa suka ƙwace garin sun yi ramuwa mai muni, suka kashe mutane da yawa, har da malamai.

Daga baya aka mayar da ginin masaukin baƙi, aka sa masa suna Hôtel de l'Aïr. Babban zaurensa mai ɗaurin baka ya zama ɗakin cin abinci, samansa kuma ya zama wurin da baƙi ke zama da yamma suna kallon hasumiya tana sauya launi yayin faɗuwar rana.

Wannan shi ya buɗe hanya. Daga shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris-Dakar ke ratsa Agadas, Turawa suka fara kwararowa. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa a yau, na cikin waɗanda suka fara shirya wa baƙi tafiye-tafiye zuwa duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Mai shirya fim ɗan Italiya, Bernardo Bertolucci, ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa na 1990 a gidan Sidi Ka, wanda aka fi sani da gidan mai burodi, saboda zane-zanen ƙasa da suka lulluɓe bangon cikinsa.

Tawayen Abzinawa na farko, na shekarun 1990, ya tsayar da komai. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Afrilun 1995 harka ta farfaɗo, har jirage suka riƙa tasowa kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Dubban baƙi ne suka riƙa zuwa a kowace shekara. Mutane suka gyara gidajen gado suka mayar da su masauki, wasu kuma suka yi sabon gini amma da tubali da azara irin na da, don sun gane abin da baƙon ke biyan kuɗi domin shi ke nan.

Abin da ɗakin ƙasa ke ba mai kwana

Wanda bai taɓa kwana a ɗakin tubali ba sai ya ɗauka talauci ne kawai. Katangar irin waɗannan gidaje tana da kauri ƙwarai. Da rana, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura ma'auni 40, sai ta shanye zafin a hankali, cikin ɗaki ya zauna da sanyi-sanyi. Da dare, in iskar hamada ta juyo, sai ta riƙa sakin ɗumin da ta tara. Tagogi ƙanana ne, an ɗaga su sama, haske ya shigo amma ƙura da rana su tsaya a waje.

Ɗaga ido ka dubi rufin. Azarar goruba ce aka jera, aka gicciya wata a kan wata, aka shimfiɗa tabarma ko ƙirare, sannan aka zuba ƙasa aka daɓe. Magini ya san iyakar tsawon da azara za ta ɗauki nauyi, shi ya sa ɗakunan ba su cika faɗi ba. Inda ake son zaure babba sai a ɗaura baka daga bango zuwa bango. Wannan ilimi ne da ba a makaranta aka koye shi ba, daga uba zuwa ɗa yake tafiya.

Sai kuma kusanci. Mai sauka cikin tsohon gari ba ya neman mota. Da ƙafa zai je masallacin da aka fara ginawa wajajen 1515, aka sake gina hasumiyarsa a 1844. In mai gadi ya yarda, zai hau matakalar cikin hasumiyar, wadda ke ƙara matsewa yayin da ake yin sama, har sai mutum ya karkata kafaɗa kafin ya fita a ƙoli ya ga gari duka a ƙasansa. Fadar Sarkin Abzin da dogaranta na nan kusa. Haka tsohuwar kasuwa, da rumfunan maƙera masu zuba azurfa su fitar da abin wuyan nan da aka san Agadas da shi, da dukawa masu ɗinka sirdin raƙumi da takalma.

Abinci ma na gari ne: fura da cuku da dabino, albasar Abzin, lemo da rumman daga lambunan Timiya, da shayi zagaye uku wanda ba a sha a tsaye. In an dace da watan Muharram, sai a tarar da bikin Biyanu, lokacin da matasan gabas da na yammacin gari ke fitowa da ganguna da manyan rawuna suna zagaya lunguna.

Amma kada a ruɗi kowa. Wuta tana ɗaukewa, ruwan famfo wani lokaci sai an tara a randa, a wasu gidajen banɗaki na haɗaka ne, kuma inda aka yi sakaci gara takan ci azara har ƙasa ta riƙa zubowa kan shimfiɗa. Mai neman na'urar sanyaya ɗaki da tayil mai sheƙi ya fi dacewa ya nufi sababbin unguwanni.

Yadda ƙafa ta ɗauke

A 2007 tawaye na biyu ya ɓarke, aka dasa nakiyoyi a hanyoyin arewa. A 2008 aka soke tseren Dakar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, daga nan ya bar Afirka. A Satumban 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit. Ƙasashen Turai suka gargaɗi 'yan ƙasarsu da kada su kusanci yankin, jiragen baƙi suka daina sauka.

Masu yi wa baƙi jagora da direbobin da suka san hamada lungu da saƙo ba su zauna ba. Da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, wasu gidaje kuma suka zama wurin ɓoye masu jiran mota. Da aka kafa dokar 2015 mai hana wannan jigila, wannan hanyar ma ta toshe, har zuwa ƙarshen 2023 da gwamnatin soja ta soke dokar. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado, wadda ta ɓulla a 2014.

Na ɗan lokaci ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da 'yan jarida masu bin labarin ƙaura sun riƙe wasu gidajen. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 sojojin Faransa suka fita, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, ƙungiyoyi da dama suka rage aiki. A farkon 2025 kuma aka sace wasu mata Turawa biyu a cikin garin, ɗaya bayan ɗaya. Bature dai ba zai dawo nan kusa ba, kuma duk mai gidan da ke lissafi da shi yana ɓata wa kansa lokaci ne.

Tsakanin ruwan sama da siminti

Agadas gari ne da ruwan shekara guda bai cika wuce milimita 150 ba, kuma da wannan lissafi magabata suka yi gini. Yanzu ruwan kan zo a haɗe cikin 'yan sa'o'i. A Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe dubban gidaje. Daminar 2024 ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, kuma a cikinta ne tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 170, ya rufta. Shekara guda kafin nan, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani, ya faɗo kan masallata ana sallar La'asar.

Maganin dai sananne ne, ba kuma sabo ba: a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a toshe tsagar rufi, a cire azarar da ta ruɓe. Itatuwan da ke jikin hasumiya ma ba ado ba ne kawai, su magina ke takawa in za a yi mata yaɓe. Masallaci yana da jama'a da fada a bayansa. Gidan gado kuwa, da magada suka warwatsu, wa zai biya magini?

A nan siminti ke shigowa. Wanda ya samu kuɗi, musamman na zinariya, yakan rushe ya sa bulo da kwano, ko kuma ya shafe tsohon bango da siminti don ya huta da yaɓen shekara-shekara. Magina sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan dabara ta biyu. Siminti ba ya barin bangon ƙasa ya fitar da laima. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga, sai ya zauna a ciki yana cin tubali, daga waje kuwa bango sumul, har ranar da zai zube gaba ɗaya.

A ganina, gidan saukar baƙi shi ne kusan hanya ɗaya tilo da tsohon gida zai ciyar da kansa. Kuɗin ɗaki ne ke biyan magini, mai gida kuma yana da dalilin ƙin siminti, tunda ƙasar ce hajarsa.

Ba kowa ke marhabin ba

Masu gidajen baƙi da maƙera da masu jagora bakinsu ɗaya: kowane baƙo guda yana ciyar da gidaje da dama, daga mai wanki zuwa mai sayar da nama. Su a wajensu shigar da garin cikin jerin UNESCO ta ƙara ƙa'idoji a kan gyara, amma ba ta zo da kuɗin da zai isa aikin ba.

Maƙwabta kuwa suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Saman soron da baƙo ke zama ya sha iska yana kallon tsakar gidan wani ne, inda mata ke harkokinsu ba lulluɓi. A shekarun da kasuwa ke ci an sha samun saɓani kan ɗaukar hoto ba izini, da shigar da ba ta dace ba, da sayar da giya a kusa da masallaci, da yara da suka bar makaranta suna bin baƙi suna roƙo. Malamai da dattawan unguwa ba su manta ba.

Akwai kuma talakan da ke zaune a tsohon gari ba don sha'awar tarihi ba, sai don nan aka haife shi. Shi da ɗakinsa ke yoyo, in ka ce masa kada ya sa kwano saboda hoton gari zai ɓaci, me ka tanadar masa?

Abin da ya faru a Marakish ta Maroko ya isa darasi. Can an mayar da ɗaruruwan tsofaffin gidaje masauki, gine-ginen sun tsira, sana'ar masu sassaƙa da masu daɓe ta farfaɗo. Sai dai da yawa daga gidajen sun koma hannun baƙin ƙasashen waje, farashi ya tashi, 'yan asalin unguwa suka sayar suka koma bayan gari. Tsohon garin Zanzibar ma ya ɗanɗana irin wannan. Agadas ba ta kai nan ba, kuma tun da sauran lokaci ya kamata fada da hukumar gari su tabbatar gidajen sun zauna a hannun iyalan da suka gaje su, tare da ƙa'ida a kan tsayin katangar saman soro da abin da ake sayarwa.

Baƙon da aka manta da shi

Shekara da shekaru duk tallar Agadas da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci aka yi ta. Ba wanda ya tuna da maƙwabci. Alhali daga Kano zuwa Damagaram kilomita 240 ne ko kusa da haka, daga Damagaram ta Tanut zuwa Agadas kuma kimanin 450, manyan motocin safa na bin hanyar. Mutanenmu na zuwa, amma kasuwanci ko wucewa ke kai su, su kwana a tasha ko gidan ɗan'uwa, su juyo ba su taka tsohon gari ba.

Masu hali a Kano da Katsina da Maraɗi suna kashe maƙudan kuɗi su kai iyali Dubai ko Alkahira hutu. Jami'o'inmu suna koyar da tarihin cinikin Sahara da jihadin Shehu, suna yaye ɗaliban zanen gine-gine da ba su taɓa kwana ƙarƙashin azara ba. Mako guda a tsohon garin Agadas zai koya wa irin wannan ɗalibi abin da zangon karatu bai koya masa ba. Kuma wannan baƙo ba ya kawo matsalolin da maƙwabta ke kuka da su: ya san sallama, ya san inda ba a leƙawa, sahu ɗaya zai bi da mai masaukinsa.

Gaskiya ne siyasa ta dagula zirga-zirga. Rufe iyaka bayan juyin mulki da ficewar Nijar daga ECOWAS a farkon 2025 sun sa matafiya ɗari-ɗari, faɗuwar naira a gaban sefa kuma ta sa komai ya yi wa ɗan Najeriya tsada. Amma zumuncin da ke tsakanin garuruwan ya girmi iyakar da shekaru ɗaruruwa, kuma 'yan Nijar kansu, daga Yamai da Tawa da Damagaram, ba su da wata iyaka da za su ƙetare.

Masu gidajen su ma da aiki a gabansu. Farashin da aka yanka domin mai kuɗin Turai ba zai yi wa malamin makaranta daga Maraɗi ba. Ana buƙatar ɗakunan iyali, da wurin alwala, da talla da Hausa a rediyo da WhatsApp, inda mutanen suke.

Abin takaici, Kano ma ba ta tsira daga wannan sakaci ba. Mai zuwa ganin Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata, da kasuwar Kurmi, da Dutsen Dala, ko hawan Sallah, a Nasarawa ko Bompai ko Sabon Gari yake kwana, ya shigo birni da mota ya fita da mota. A cikin ganuwa kuwa tsofaffin gidajen attajirai masu soraye da zankwaye suna ta faɗuwa, ana maye gurbinsu da shaguna. Da ko kaɗan daga cikinsu aka gyara aka buɗe wa baƙi, da magina sun samu aiki, magada sun samu dalilin riƙe gadonsu. Haka Katsina a kewayen Gobarau, haka Daura kusa da Kusugu, haka unguwar Birni a Damagaram.

Ga mai niyyar zuwa Agadas, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ya tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, ya yi tafiyar rana, ya riƙe takardunsa cikakku, kada kuma ya fita daji sai da izinin hukuma da jagora ɗan gari. In ya isa, ya wuce sababbin otal-otal na bakin titi, ya nemi ɗaki a cikin tsohon gari, ya tafi da 'ya'yansa su ga inda kakanninsu suka sauke kaya.